Rijiyar Da Muke Sha, Wa Ya Haƙa Ta?

A yawancin gidajenmu, ranar da yaro ko yarinya suka gama jami'a ranar murna ce. A yanka kaza, a gayyaci fasto ya yi addu'ar godiya, 'yan zumuntar mata su zo da waƙa. Iyaye sun sayar da hatsi da awaki shekara huɗu ko biyar, yanzu suna sa zuciya su huta. To, wani lokaci bayan bautar ƙasa sai yaron ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in koma makaranta. Ina so in yi digiri na biyu a kan cutar ƙanjamau." Nan da nan fuskar uba ta sake. Ya ce, "Karatun nan ba ya ƙarewa ne? Ƙannenka fa? Kuma duk cututtukan duniya ka rasa wadda za ka zaɓa sai wannan?" In kuwa 'ya mace ce, uwa ta ƙara da cewa, "Aure fa, sai yaushe?"

Tambayoyin nan ba na wauta ba ne, gama wanda ya ɗauki kaya shi ya san nauyinsa. Amma kafin mu ba yaranmu amsa, ya kamata mu san ko mene ne wannan karatu, da abin da ya riga ya kawo cikin gidajenmu. Da yawa daga cikinmu muna shan ruwan wata rijiya ba mu taɓa tambayar wanda ya haƙa ta ba.

Yadda Aka Gano Cutar

A watan Yuni na 1981 likitoci a Amurka suka ba da labarin samari biyar da suka kamu da wani irin ciwon huhu wanda ba ya kama mai ƙarfin jiki. Ba wanda ya san dalili. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, wato Luc Montagnier da wata mace, Françoise Barré-Sinoussi, suka ware ƙwayar da ke jawo ciwon. A 1984 Robert Gallo da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar ita ce, daga nan kuma aka sami hanyar gwajin jini. A Nijeriya an ba da sanarwar masu cutar na farko a 1986.

Ƙwayar nan tana shiga jini ta riƙa kashe sojojin jiki, wato ƙwayoyin da Allah ya shirya domin su tsare mu daga cututtuka. Mutum yana iya yin shekaru da ita yana noma, yana cin kasuwa, bai sani ba. Sa'ad da sojojin suka ragu ƙwarai, sai tarin fuka da zawo da sauran cututtuka su sami ƙofa a buɗe. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 ba za su manta da jana'izar da aka yi ta yi ba. Samari da 'yan mata suka riƙa dawowa daga birni a rame, tsofaffi suka koma renon jikoki.

Yau magana ta sake. Bisa ga lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2024 mutum miliyan 40.8 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, miliyan 31.6 daga cikinsu suna shan magani. Mai shan maganinsa kullum yana iya yin aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya tsufa. Duk da haka a wannan shekara mutum wajen 630,000 suka mutu, miliyan 1.3 kuma suka kamu. Ashe aiki bai ƙare ba.

Mene Ne Bincike?

Masu karatun Littafi Mai Tsarki ba baƙi ba ne ga wannan abu. A sura ta fari ta Littafin Daniyel mun ga samari huɗu da aka kai Babila, aka sa su makarantar fada ta shekara uku. Da Daniyel ya ƙi abincin sarki, wakilin da ke lura da su ya ji tsoro kada su rame. Daniyel bai yi gardama da shi ba. Ya roƙa a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, sa'an nan a dubi jikinsu, a dubi na samarin da suka ci abincin sarki, a yanke shawara bisa ga abin da ido ya gani.

Haka masu binciken magani suke yi har yau, sai dai da mutane da yawa da kuma dogon lokaci. A raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada a yi son kai. Kashi ɗaya a ba su sabuwar hanya, ɗaya kashin a bar su a kan wadda aka saba. A bi su wata da watanni, a rubuta kome, a ƙidaya. Sa'an nan a buga sakamakon a fili domin waɗansu masana su bincika ko akwai kuskure.

Wannan sana'a ce, ana kuwa koyonta kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗinki, a ƙarƙashin gwani. Digiri na farko yana koya wa ɗalibi abin da waɗansu suka gano. A digiri na biyu, wanda yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, yana koyon yadda ake yin tambaya da yadda ake neman amsarta. A digiri na uku, shekara uku ko fiye, dole ya gano wani abu da ba a sani ba dā, ya rubuta kundi, ya tsaya gaban shehunan malamai ya kāre shi.

Abin Da Ya Shigo Gidajenmu

Bari mu ɗauki abu guda da ya shafi kowace uwa. Idan mace mai ɗauke da ƙwayar ba ta sami magani ba, cikin jarirai 100 tsakanin 15 da 45 za su kamu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. A 1994 wani gwaji da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna maganin AZT yana rage wannan da kashi biyu cikin uku. Amma hanyar tana da tsada, tana kuma bukatar ƙarin ruwa ta jijiya lokacin naƙuda. Ina macen ƙauye za ta sami wannan? Sai malaman Jami'ar Makerere ta Yuganda da na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka yi gwaji a Asibitin Mulago na Kampala. A 1999 suka nuna cewa ƙwaya ɗaya ta maganin nevirapine ga uwa lokacin naƙuda, da ɗan kaɗan ga jariri, yana rage kamuwa da kusan rabi, kuɗinsa kuwa wajen dala 4 ne. An ci gaba da gyara hanyar. Yanzu uwa takan sha cikakken magani tun tana da ciki har ta yaye, haɗarin kuma yana sauka ƙasa da 5 cikin 100.

Ga na biyu, wanda ya shafi ma'aurata. Akwai gidajen da miji yana da ƙwayar matar ba ta da ita, ko kuwa matar ce ke da ita. Dā fastoci sukan rasa abin da za su ce musu. A 2011 aka bayyana sakamakon wani gwaji da ya bi ma'aurata 1,763 a ƙasashe 9, a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar North Carolina. Aka ga idan mai ƙwayar ya fara magani da wuri, haɗarin abokin aurensa yana raguwa da kashi 96 cikin 100. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa wanda maganinsa ya danne ƙwayar har gwaji ba ya ganinta, ba ya sa wa abokin aurensa. Aure nawa wannan sani ya ceta daga rabuwa, Allah kaɗai ya sani.

Na uku sabo ne. A 2024 aka bayyana sakamakon gwajin wata allura mai suna lenacapavir a kan 'yan mata fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda. Sau biyu a shekara ake yinta. Cikin 2,134 da aka yi wa allurar, ko ɗaya ba ta kamu ba har lokacin da aka bayyana sakamakon. Wadda ta bayyana sakamakon ga duniya 'yar Afirka ce, Farfesa Linda-Gail Bekker ta Jami'ar Cape Town. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar domin rigakafi. Har yanzu dai ba a sami maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki ɗungum wanda za a iya ba jama'a ba. Wannan yana jiran waɗansu ɗalibai.

Namu Ma Suna Ciki

Kada mu zaci Turawa kaɗai ke wannan aiki. A 1985 Farfesa Souleymane Mboup na Jami'ar Dakar, tare da abokan aiki daga Jami'ar Harvard da Faransa, suka ga alamar wata ƙwaya dabam a jinin waɗansu mata a Senegal. Ita ce aka sa wa suna HIV-2, wadda ta fi yawa a Afirka ta Yamma. Suka bi matan shekaru da yawa har suka gane ba ta saurin yaɗuwa kamar ta farko. 

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin Dakar, Farfesa Phyllis Kanki ta Harvard, ita ce ta jagoranci shirin APIN da aka fara a Nijeriya a shekara ta 2000. Shirin ya gina ɗakunan gwaji, ya horar da ma'aikata a asibitocin koyarwa na Jos da Ibadan da Legas da Maiduguri. A Jos, Farfesa John Idoko ya shugabanci asibitin masu ƙanjamau wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar, kafin ya riƙe hukumar NACA daga 2009 zuwa 2016.

Iyayen 'ya'ya mata su lura da labarin Farfesa Alash'le Abimiku. Ta yi digirinta na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta yi na biyu da na uku a Landan, sa'an nan ta yi aiki tare da Robert Gallo a Amurka. Ba ta manta da gida ba. A 1994 ita da abokan aikinta suka buga binciken da ya nuna irin ƙwayar da ke Nijeriya ya bambanta da wanda ya fi yawa a Turai da Amurka. Wannan muhimmin abu ne, gama kayan gwaji da rigakafin da aka auna da ƙwayar wata ƙasa dole a tabbatar suna aiki a kan tamu. Tana cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta IHVN a Abuja a 2004, tare da Jami'ar Maryland.

A 2018 aka yi babban ƙidayar da ake kira NAIIS. Ma'aikata suka shiga gida gida a dukan jihohi, suka gwada mutum wajen 200,000. Dā ana zaton manya kusan 3 cikin 100 ke da ƙwayar. Da aka bayyana sakamako a watan Maris na 2019, sai aka ga 1.4 ne cikin 100, wato mutum wajen miliyan 1.9. Aka kuma ga inda ta fi yawa, kamar Akwa Ibom da Binuwai da Ribas, da inda ta yi ƙaranci, wato arewa maso yamma. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba. Da wannan sani aka san inda za a fi kai magani da ma'aikata. Mai rabon abinci in bai san yawan baƙinsa ba, wani zai ƙoshi har ya zubar, wani ya kwana da yunwa.

Binciken Da Aka Yi Cikin Majami'a

Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke kamuwa. Maganin yana nan, kyauta ne kuma a asibitocin gwamnati tun 2006. To, me ya hana? Mata da yawa ba sa zuwa awon ciki, a gida suke haihuwa, saboda haka ba a gwada su ba balle a ba su magani. Wannan matsala ba a cikin kwalbar gwaji take ba, a cikin zaman jama'a take.

Wani likitan yara, Farfesa Echezona Ezeanolue, ya lura cewa macen da ba ta zuwa asibiti ba ta fashin sujada ran Lahadi. Sai ya shirya gwaji a majami'u 40 na Jihar Enugu a 2013 da 2014. A majami'u 20, fasto yakan kira masu juna biyu da mazajensu a yi musu addu'a, sa'an nan a gayyace su wani ɗan biki a harabar majami'a. A wurin bikin a koyar da su, a ba su kayan haihuwa, a kuma yi musu gwajin jini na abubuwa da dama a haɗe, har da sikila da ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro, don kada a nuna wata da yatsa a ce ƙanjamau ta zo gwadawa. A sauran majami'u 20 aka yi bikin, amma aka ce su je asibiti a gwada su kamar yadda aka saba. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna mata 92 cikin 100 aka gwada a kashi na farko, a na biyu kuwa 55. Daga baya aka kai shirin Jihar Binuwai.

Haka kuma a ƙauyukan Jihar Neja, Farfesa Muktar Aliyu na Jami'ar Vanderbilt, wanda ya yi karatun likita a nan gida, ya jagoranci gwaji a ƙananan asibitoci 12. Aka ba ungozomomi horo su ɗauki aikin da dā sai likita, aka haɗa duba uwa da jariri wuri ɗaya, aka kuma gayyaci mazaje su riƙa rako matansu. Sakamakon 2016 ya nuna matan da suka fara magani suka kuma ci gaba da zuwa sun fi yawa ƙwarai inda aka yi haka. Maigida, ka ji. Rakiyarka ma magani ce.

Irin waɗannan tambayoyi, wa zai iya yinsu in ba wanda ya san mu ba? Wanda ya san dalilin da ya sa amarya ba za ta faɗa wa uwar miji sakamakon gwajinta ba, wanda ya san yadda hanya take yankewa da damina, wanda yake jin Hausa da harshen ƙauyensu, shi ne zai yi tambayar da ta dace.

Ba Likitoci Kaɗai Ba

Masana sukan haɗa maganar ƙanjamau da maganar raya ƙasa, da dalili kuwa. Cutar ta fi kama masu ƙarfi, 'yan shekara 15 zuwa 49, wato manoma da malamai da 'yan kasuwa da iyayen ƙananan yara. In ta kwantar da maigida, gona ta zama saura, a cire yara daga makaranta, a sayar da shanun huɗa. Talauci kuma shi ke tura yarinya hannun mai kuɗin da zai cuce ta. Saboda haka jami'o'i suna horar da masu ilimin tattalin arziki, da masu ƙididdiga, da masana zaman jama'a, da lauyoyi a kan wannan cuta.

Dubi maganar kuɗin magani. A shekara ta 2000 maganin mutum ɗaya na shekara ya fi dala 10,000. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar a kan dala 350. A 2023 Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ya sami farashin da bai kai dala 45 ba. Masu haɗa magani sun yi nasu, amma lauyoyi da masana ciniki da su kansu masu cutar sun yi doguwar gwagwarmaya kafin a kai nan. Dokar Nijeriya ta 2014 wadda ta hana a kori mutum daga aiki ko makaranta saboda yana da ƙwayar, ita ma sai da waɗansu suka tattara shaida kafin a yi ta. Har masana harshe sun sa hannu. A 2017 wata ƙungiyar malaman jami'a da ma'aikatan lafiya suka ba da shawara a riƙa kiran ƙwayar "karya garkuwa" da Hausa, domin a bambanta mai ɗauke da ita da wanda ciwo ya riga ya kwantar.

Tsoron Da Ke Zukatan Mutane

Wani zai ce, "Mu ba mu yarda da masu binciken nan ba, kada su mai da mu abin gwaji." Wannan tsoro yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a cikin yara 200. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Abin ya bar tabo a zukatan mutanen arewa.

Tun 2007 Nijeriya tana da ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa. Kowane bincike sai wani kwamiti ya duba shi ya yarda. Dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a faɗa masa amfani da haɗari, a ɓoye sirrinsa. Yana da iko ya ƙi, yana da iko ya fita ko da an fara, ba kuwa za a hana shi magani saboda haka ba. Amma doka a takarda ba ta tsare kowa sai da masu tsaron ta. In 'ya'yanmu masu tsoron Allah ba su yi karatun da zai kai su kujerun kwamitocin nan ba, wa zai tsaya wa talakan ƙauye?

Akwai kuma haɗarin da ke wancan gefe, wato ƙin jin masana. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce ya sami maganin ƙanjamau na ganyaye, ya sa marasa lafiya suka bar maganin asibiti, waɗansu suka mutu. A Afirka ta Kudu, gwamnatin Thabo Mbeki ta yi jinkirin ba da magani saboda shakkar abin da masana suka faɗa. Masu bincike na Harvard sun ƙiyasta rayuka fiye da 330,000 suka salwanta tsakanin 2000 da 2005 saboda wannan. Mu ma muna da masu cewa a zubar da magani domin a nuna bangaskiya. Mun gaskata Allah yana warkarwa. Amma wanda ya ba da hikimar da aka haɗa maganin, ai shi ne dai Allahn. Manzo Bulus bai raba hanya da Luka don shi likita ne ba. A yi addu'a, a sha magani, kada a fasa ko ɗaya.

Zanen Aro

Yawancin aikin da muka ambata da kuɗin waje aka yi shi. A 2003 Shugaba George W. Bush na Amurka ya kafa shirin PEPFAR da dala biliyan 15 na shekara biyar, shirin kuma ya ɗauki babban kashi na nauyin maganin ƙanjamau a Nijeriya shekara da shekaru. Cibiyar Fogarty ta Amurka ta fara horar da masu binciken ƙanjamau daga ƙasashe matalauta tun 1988. A 2010 wani shiri ya haɗa makarantun likita na Ibadan da Jos da Zariya da Maiduguri da Nsukka da Legas da waɗansu jami'o'in Amurka domin a ƙarfafa koyarwa da bincike. Wanda ya yi maka alheri, ka gode masa.

Amma a watan Janairu na 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take ba ƙasashen waje, a cikin shekarar kuma aka rufe hukumar USAID. A ƙasashen Afirka da dama aka sallami ma'aikata, aka rufe wuraren gwaji, aka tsai da bincike a tsakiya. Ko da yake an bar ba da maganin ceton rai ya ci gaba, masu shan magani sun kwana da fargaba. Gwamnatin Nijeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar don ta toshe giɓin. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Tun a watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma kaɗan ne suka taɓa cikawa, Nijeriya kuwa ba ta cikinsu.

Mai ba da kuɗi yana iya janye kuɗinsa ran da ya ga dama. Abin da ba ya iya janyewa shi ne ilimin da ya riga ya shiga kan ɗan ƙasa. Ɗakunan gwajin da aka gina domin ƙanjamau, da mutanen da aka horar a ciki, sun taimaki ƙasar nan lokacin korona a 2020. Masu mishan na dā sun gane wannan. Da suka buɗe asibiti a Vom da Garkida, ba su tsaya ga ba da magani ba, sai da suka koyar da 'ya'yan ƙasa aikin jinya. Su ne suka riƙe asibitocin bayan Turawa sun koma gida.

Abin Da Za Mu Yi

Na ɗaya, in yaro ya zo da maganar ƙarin karatu, a zauna a saurare shi. A tambaye shi wace jami'a, wane malami zai duba aikinsa, wace tambaya yake so ya amsa, ina kuɗin zai fito. Mai niyyar gaske yana da amsa. Ba lalle sai an tafi ƙasar waje ba, gama jami'o'in Jos da Zariya da Kano da Ibadan suna ba da digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a. Da yawa sukan kama aiki tukuna, su taimaki ƙanne, sa'an nan su koma karatu. Masu koyarwa a manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, akwai kuma guraben karatu na ƙungiyar Commonwealth ga masu sakamako mai kyau.

Na biyu, kada a ce 'ya mace ta tsaya nan. Cutar ta fi cin mata, akwai kuma maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba kome iliminsa. Karatu ba ya hana aure in an sami miji mai hankali.

Na uku, mu da muke koyarwa a makarantun ikkilisiya mun san harsashin ginin nan a aji ɗaya ake sa shi. Yaron da aka bari ya ji tsoron lissafi a firamare, da wuya ya zama mai ƙididdiga. Yaron da aka tsawata masa duk sa'ad da ya ce "don me?" zai daina tambaya. Iyaye su duba littattafan yara da dare, su kuma ƙyale su su yi tambaya.

Na huɗu, ikkilisiya tana iya ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya kamar yadda take ɗaukar nauyin mai bishara. Gundumar da ta iya gina majami'a mai hawa biyu ba za ta kāsa biyan kuɗin makarantar mutum ɗaya ba. In kuma masu bincike suka zo da takardar izini, dattawa su karɓe su, su yi musu tambayoyi sosai, su roƙa a dawo a faɗa wa jama'a abin da aka gano.

Ku kuma 'ya'yanmu da za ku tafi, ku tuna da Daniyel. Ya koyi dukan ilimin Babila, bai bar Allahnsa ba, tagarsa kuma tana duban Urushalima. Ku faɗi gaskiya a cikin lissafinku ko da ba ta yi wa mai ba da kuɗi daɗi ba. Mutumin da kuka ɗebi jininsa ba lamba ba ne, mai siffar Allah ne. In hanya ta kai ku nesa, ku riƙa waiwayen gida da iliminku.

A ƙarshe, kowane mai aure da mai shirin aure ya je a gwada shi, kowace mai juna biyu ta je awo, maigidanta kuma ya raka ta. Ubangiji ya ta da masu hikima daga cikin gidajenmu, ya ƙarfafa marasa lafiya, ya ba mu zuciyar da za ta rungume su. Amin.